Manhajar tarihin wasannin hunturu: kashi ɗaya ya burge ni, sauran sai haƙuri

Na biya kuɗin wata ne saboda jerin shirye-shiryensu kan gasannin Olamfik na hunturu da ke haɗa wasa fiye da ɗaya, kuma wallahi kashin 1948 kaɗai ya kusa fanshe kuɗina. A St. Moritz ta ƙasar Suwizalan aka gwada wata gasa mai wasanni biyar: gudun zamiya mai nisa a kan dusar ƙanƙara, harbi, gangarowa daga tsauni, wasan takobi, sannan hawan doki. Mutum ɗaya, duka biyar! Gustaf Lindh ɗan Suwidin ne ya lashe, kuma daga wannan shekarar ba a sake yin ta a Olamfik ba. Mai sharhin ya bi abin daki-daki har da yadda ta samo asali daga horon sojoji, ya kuma danganta ta da gasar sintirin soja (gudun zamiya da harbi na rukunin sojoji) ta Olamfik ɗin Chamonix a Faransa a 1924. A nan na riga na ba su taurari biyar a raina.

Sai na shiga kashin gudun zamiya da harbi na 1960 a Squaw Valley ta Amurka, karon farko da wasan ya shiga Olamfik. Tseren kilomita 20 ne, duk harsashin da ya kuskure a ƙara wa mutum minti biyu, kuma Klas Lestander ya ci zinare ne don bai ɓarar da ko ɗaya cikin 20 ba, ba don ya fi kowa gudu ba. Daidai lokacin da mai sharhi ya kai kan harbinsa na ƙarshe hoton ya sandare, ƙwallon nan yana ta juyawa a tsakiyar allo. Na fita na dawo, ya mayar da ni farko, da talla a gaba. Talla fa, ga wanda ya biya!

Na rubuta musu ƙorafi, suka ce in duba intanet ɗina. To me ya sa sauran kashin ba sa tsayawa?

Nan ma na tuna shigowar mata cikin wasan gudun zamiya da harbi a 1992 a Albertville ta Faransa, jimla biyu kacal suka yi a kai suka wuce. Taurari biyu, kuma na kashe sabunta rijistar tun kafin su sake cire min kuɗi.