Filasta, igiya ko maɗaurin roba: da me za a kafe bututun numfashi?

Ƙanwata da kika fara aiki a ɗakin tiyata a Makka, na ga tambayarki. Kin ce a Kano da filasta kuka saba kafe bututun numfashi bayan an sa majiyyaci barci, kin zo nan kin tarar wani likita na cewa a miƙo igiya, wani kuma sai maɗaurin roba na kamfani, har kin rasa wanne ne daidai. Ni a Jidda nake, na daɗe ina tsayuwa wajen kan majiyyata, kuma duka ukun sun bi ta hannuna.

Abin da ake gudu ɗan motsi ne ƙalilan. Bakin bututun yana zama ne kamar santimita 3 zuwa 5 sama da inda hanyar iska ta rabu biyu. In ya nutse, reshen dama yake faɗawa, don shi ya fi miƙewa, sai huhun hagu ya zauna ba iska. In ya ja baya, balan-balan ɗin da ke kusa da bakinsa, wanda ake hurawa don iska kada ta zurare ta gefe, ya hau igiyoyin murya, ko ya fice baki ɗaya. Shi ya sa muke zuba ido kan lambar santimita da ke jikin bututun daidai haƙoran gaba, galibi 21 ga mace, 23 ga namiji. Sunkuyar da kan majiyyaci kaɗai kan tura shi ciki kusan santimita 2, ɗaga haɓa kuma ya jawo shi waje.

Filasta ta fi sauri, kuma ba ta zagaye wuya. A aikin awa ɗaya ko biyu, majiyyaci na kwance rigingine, fuska a bushe ba gashi, ban ga abin da ya fi ta ba. Sai dai a iya manna ta. A muƙamuƙin sama ake kafe ta, daga ƙashin kunci, a naɗe bututun zagaye biyu, a sauka ɗaya kuncin. Muƙamuƙin ƙasa yana motsi, duk abin da aka liƙa masa zai bi shi. Ki kuma ninke ɗan bakinta, don ranar da za a cire da gaggawa kada ki tsaya kankara da safar hannu. Abokan gabarta huɗu ne: gumi, yawu, man shafawa da gemu. Akwai kuma fatar tsofaffi, wadda ke da laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, in kika fizge filasta sai ta taho da fatar.

Gemun nan shi ya sa kike ganin igiya da yawa a ƙasar nan. Wata shekara lokacin aikin Hajji aka kawo mana wani dattijo da ciwon ciki na gaggawa, gemunsa har ƙirji, ga zufa ta wanke shi. Muka liƙa filasta kamar yadda muka saba. Ana jawo shi daga gadon turawa zuwa teburin aiki na kai ido bakinsa, sai na ga 20 a inda na bar 23. Filastar tana nan daram a jikin gashi, gashin ne ke tafiya da ita. Allah Ya taimaka likita na riƙe da kan, aka sassauta balan-balan, aka mayar, aka saurari huhu biyun, aka kawo igiya. Aski ba shi ne mafita ta farko ba, balle ga mutumin da wataƙila yana cikin harami.

Igiyar ta auduga ce mai faɗi. Ana ƙulla ta a jikin bututun, a zagayo da ita bayan wuya, a ɗaure a gefen kunci. Ba ruwanta da gashi ko gumi, kuma ita ce ta wanda fuskarsa ta ƙone. Amma tana da nata sharrin, kuma ya fi na filasta ɓuya. In aka tamke ta, tana danne jijiyoyin wuya da ke dawo da jini daga kai. Ga mai rauni a kai ko wanda za a yi wa aikin ƙwaƙwalwa, wannan na ƙara matsi a cikin ƙoƙon kai, don haka a nan filasta ake komawa. Ki tabbata yatsa ɗaya ko biyu na shiga ƙarƙashinta. Tana kuma yanka gefen baki in ta daɗe, sai a sa ɗan goz a ƙasa. Kuskuren da na fi gani wajen sababbi shi ne haɗa siririn bututun hura balan-balan a cikin ƙullin. Ranar cirewa a sa almakashi a datse shi tare da igiyar.

Maɗaurin roba ban cika son sa a tiyata ba. Irin wanda ake kira Thomas yana da 'yar ƙusa mai matse bututun da abin hana cizo, ya dace da sashen gaggawa da motar ɗaukar marasa lafiya, inda ake jijjiga. Wanda ake kira AnchorFast kuwa na ɗakin kulawa ta musamman ne, wanda a nan za ki ji ana ce wa inaya, domin yana barin a riƙa matsar da bututun daga wannan gefen baki zuwa wancan kada leɓe ya yi gyambo. Suna da tsada, sau ɗaya ake amfani da su, suna kuma tare wa likitan fiɗa hanya in aikin fuska ne.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne aikin ƙashin baya, da ake kifa mutum rub da ciki. Yawu na gangarowa kan filasta awa bayan awa, nauyin bututan na'ura na ja ƙasa, ke kuma ba kya ganin fuskar. A nan filasta mai hana ruwa nake so, a kan busasshiyar fata, a rufe ta da wata faffaɗa mai shara-shara, a rataye bututan na'ura kada su yi lilo. Roba mai tauri ba ta shiga ƙarƙashin fuskar da za ta kwanta a kanta awa biyar. Jarirai kuwa filasta ce, yankakkiya siririya, don hanyar iskarsu gajera ce ƙwarai, santimita 1 ma tafiya ce.

Kowanne kika ɗaura, lokacin juya majiyyaci ko ɗaga shi hannu ne ke riƙe bututun, yatsu a jingine da kuncinsa, kuma mai riƙe da kai shi ke ƙirga ɗaya, biyu, uku. Da an sauke shi, ki duba lambar haƙori, ki kalli layin iskar da yake fitarwa a allon na'ura, a saurari hagu da dama. Lambar nan ki rubuta ta a takardar majiyyaci, ki kuma faɗe ta da baki ga wadda za ta karɓe ki.