Wasiƙa daga Landan: na biya fam 60 aka yashe min kunne

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, ka ce in ba ka labarin kunnen nan da ya sa kwanakin baya kake ta kwarara min ihu a waya ina cewa "na'am?". To, an yashe shi, kuma har numfashinka ina ji yanzu.

Ni na ja wa kaina. A wurin aiki akwai ƙarar injuna, dole mu toshe kunne da ɗan soson nan, in na tashi kuma in cusa iyafis har gida. Ga halin da muka gada: an fito wanka, sai a ɗauki tsinke mai auduga a lumshe ido. Wata safiya na farka kunnen dama ya ɗauke ɗif, kamar na nutse a rijiya.

Na kira asibitin unguwa, wurin likitan da ake kira GP, wanda sai ta hannunsa ake kaiwa ga kowane babban likita. Aka ce sun daina wanke kunne, in ɗiga man zaitun, in bai buɗe ba in nemi masu zaman kansu. Asibitocin unguwa da yawa a Ingila sun daina wannan aikin. Ka tuna fa, duk shekara fam 1,035 ake karɓa a hannuna tare da kuɗin biza domin hukumar lafiya ta NHS. Na haɗiye takaicina na nufi wani shagon tabarau, don a nan masu sayar da tabarau da manyan kemis su ne suka mayar da dauɗar kunne sana'a. Fam 60. Da na juya shi zuwa naira na ga ya haura dubu 100, sai da na zauna.

Amma aikin, gaskiya, ya burge ni. Matar ta fara zura wata 'yar kyamara, ta nuna min cikin kunnena a allo: wani baƙin dunƙule kamar daddawa ya toshe hanya, har da zare-zaren auduga a jikinsa. Ta dube ni ta yi murmushi, ni kuma na sunkuyar da kai. Ba ruwa ta watsa ba. Wani siririn bututu ne mai zuƙo iska, tana leƙawa ta madubi tana tsotso abin kaɗan-kaɗan, ƙararsa kamar guguwa a cikin ƙoƙon kai. Minti 15 an gama. Da na fito titi, ƙarar takalmina ma sai da ta firgita ni, ga ɗan jiri da ya bi ni har tashar bas.

Bayanin da ta yi min ya fi aikin amfani. Abin da muke kira datti ba datti ba ne, maiƙo ne da fatar bakin ramin kunne ke fitarwa domin kama ƙura da hana ƙwayoyin cuta zama. Tsawon ramin kamar santimita 2 da rabi ne, ƙarshensa dodon kunne ne. Fatar cikinsa kuma tafiya take a hankali daga ciki zuwa waje, tana ɗauke da dauɗar, tauna da magana suna taya ta. Wato kunne da kansa yake sharar ɗakinsa, mu kuma mu zo da tsinke mu danna sharar zuwa ƙurya, inda ba ta da mafita. Ko a jikin kwalin tsinken an rubuta kada a zura shi cikin kunne, wa ke karantawa? Tun Oktoban 2020 Ingila ta hana sayar da mai sandar roba, sai na takarda, amma don kare muhalli aka yi, ba don kunnen kowa ba.

Kwanakin farko bayan yasa su ne masu haɗari, tunda an kwashe maiƙon da ke tsaron wurin. Ta ce kada ruwa ya shiga na 'yan kwanaki. In zan yi wanka in shafa wa auduga bazilin in ɗora a bakin kunne. Na tambaye ta batun alwala, na kwatanta mata yadda muke shafa da ɗanyen yatsa. Ta ce wannan ba komai, iyakar inda yatsa ya kai shi ne iyakar inda ya kamata a goge. Ƙaiƙayi kuwa ya zo, mai tsanani, har na riƙa zagaya makullin ɗaki kamar mai neman sata. Haƙuri na yi ya wuce.

Yanzu ga abin dariya. Maganin da ƙasar nan da duk na'urorinta ta dogara da shi man zaitun ne, irin wanda ke jibge a shagunan Islamik kemis na Kano. A nan an zuba shi a 'yar kwalbar fesawa an tsawwala kuɗi. Shawarar NHS ita ce, in kunne ya fara toshewa, ka kwanta ta gefe, a ɗiga ɗigo 2 zuwa 3, sau 3 ko 4 a rana, kwana 3 zuwa 5, cikin kamar mako 2 abin zai riƙa faɗowa da kansa. Ni da nake yawan tara shi, sau 1 a mako nake ɗigawa, ina kuma goge iyafis ɗina. Sai dai sharaɗi: in dodon kunne ya taɓa hujewa, ko kunne na zubar da mugunya, ko yana ciwo, kada a ɗiga komai sai likita ya leƙa.

Nan ne suka fi mu. Ba mai sayar maka da maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta haka kawai don ka ce kunnenka na ciwo. A gida yaron kemis zai miƙo maka gentamicin, alhali in dodon kunne a huje yake, maganin kan iya shiga ciki ya lalata ji. Ga masu ɗiga ruwan albasa da turare. Inda muka fi su kuwa, mai ɗan abin hannu a gida zai ga likitan kunne a cikin mako guda. A nan jiran babban likita sai a kwashe watanni.

Saboda haka batun Baba: ƙure rediyon nan da yake yi ba lalle tsufa ne kaɗai ba. Kada ku ɗiga masa komai tukuna. Ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a leƙa a gani. Zan turo kuɗin mota ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Gashin zabon nan da yake sokewa a hula kuma, ni ba zan iya faɗa masa ba, ka roƙi Hajiya ta san yadda za ta yi ya ɓata.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.