Kayan awon manyan bishiyoyi: wanne ya cancanci kuɗin ƙungiya?

Duk ƙungiyar da ke shirin shiga daji don auna manyan bishiyoyi, abu uku take nema: kauri, faɗin rassa da tsawo. Biyun farko ba sa cin kuɗi. Tsawo ne mai gardama, kuma a kansa ya kamata a buɗe bakin aljihu.

Kauri tef ɗin awo ya ishe shi. Ana kewaya gangar bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, ko ƙafa 4.5 a tsarin Amurka. Idan saiwoyi sun taso sun yi fuka-fuki a gindi, sai a ɗaga awon zuwa samansu, a rubuta inda aka auna. Ku sayi tef mai mita 30, wanda ba na ƙarfe ba, don na ƙarfe yana karyewa idan ya lanƙwashe kuma yana tsatsa. Shi ne kuma zai auna muku faɗin rassa. Akwai tef na ma'aikatan gandun daji mai nuna faɗin tsakiyar ganga kai tsaye, amma ba dole ba ne: kewaye santimita 314, a raba da 3.14, ka ga mita ɗaya ke nan.

Kilinomita, na'urar auna kusurwa irin ta Suunto, ita mutane suka fi sani wajen tsawo. Ba ta buƙatar batir, tana da ƙarko, kuma a rana ɗaya ake koyon ta. Illar tana cikin lissafinta. Mai awo yana auna nisansa da gindi, ya dubi ƙololuwa, ya ɗauka cewa tana daidai saman gindin. Tsohuwar bishiya kuwa ba ta tsayawa haka. A ce kana mita 30 daga gindi, ka hango reshen sama a kusurwa mai digiri 45. Lissafi zai ba ka mita 30. Idan reshen ya karkato wajenka da mita 5, ainihin tsayinsa sama da idonka mita 25 ne kawai. An yi wa bishiya kyautar mita 5 ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Manhajojin waya da yawa wannan hanyar suke bi, ga rawar hannu a kai, don haka a bar su wajen kintace da ajiye wurin bishiya a taswira.

Na'urar auna nisa mai hasken lesa ita ke kawar da wannan matsala, muddin tana auna kusurwa ma, kamar Nikon Forestry Pro ko TruPulse. Tana auna nisa daga idonka zuwa reshen kansa, don haka karkatarsa ba ta dame ta ba. Nisa mita 40 a kusurwa mai digiri 30 na nufin reshen ya fi idonka da mita 20. Sai a yi haka ga gindi a haɗa. Kafin ku biya, ku tambaya ko ana iya sa ta zaɓi abu mafi nisa, domin wasu na 'yan wasan golf abu mafi kusa suke kamawa, kuma a daji abu mafi kusa ganye ne a gaban hancinka. Inda ƙunci ya yi yawa har lesa ba ta samun kafa, Haglöf Vertex mai aiki da sauti tana auna nisa, sai dai tsada, kuma lissafin tsawonta irin na kilinomita ne.

Awon da ya fi kowanne inganci shi ne a hau bishiya a sako tef zuwa ƙasa. Da shi aka tabbatar da tsawon wata doguwar bishiya mai suna Hyperion da ke Kalifoniya a 2006, sama da mita 115. Wannan aikin ƙwararrun mahaya ne, ba na ranar fitar ƙungiya ba.

A ganina, lesa ɗaya mai kyau ta fi kilinomita biyar amfani. Ku raba jama'a uku-uku, kowane rukuni da tef ɗinsa da littafi, mai lesa yana zagayawa tsakaninsu. Kafin ranar, ku gwada na'urar a jikin ginin da kuka san tsawonsa, ku kuma tafi da batir na ajiya.