Wata uku da Firefox a wayar Baba

Tun tasowata Baba ba ya barin labaran ƙarfe tara na dare na NTA su wuce shi. Ya ga zamanin gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna da aka buɗe a 1962, tun kafin a haɗe tashoshin ƙasar nan a kafa NTA a 1977. A wurinsa, labarin da bai ji daga can ba jita-jita ne. Da taransifomar layinmu a Tudun Wada ta ƙone, akwatin talbijin ya zama kayan ado, sai na ce bari in haɗa masa a waya.

Da burauzar da ta zo cikin wayar, wato manhajar shiga intanet, muka fara. Dare na uku ya kira ni, muryarsa a sanyaye: "Zo ka duba mini, wai wayar ta kamu da cuta." Na tarar da jan rubutu ya rufe fuskar wayar yana ƙifta, ana neman lambar katinsa na banki wai don a wanke ta. Sama kuma tallan caca da hotunan da ba zan iya kallo a gabansa ba. Na karɓi wayar na juya baya ina gogewa. Dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, labaran ƙasarsa kawai yake nema. Abin ya tsaya mini a rai.

Washegari na sauke masa Firefox. Dalilina amana ce, domin burauza tana ganin duk inda mutum ya shiga, har kalmar sirrin da ya rubuta. Mozilla ce ke yin ta, ƙarƙashin wata gidauniya a Amurka da ba don riba aka kafa ba, kuma tun 2004 aka fitar da Firefox. Rubutun manhajar a buɗe yake, duk mai ilimin abin zai iya bincika abin da take yi a ɓoye. Ni ban iya ba, amma sanin ƙofar a buɗe take ya kwantar mini da hankali. Gaskiya ne mafi yawan kuɗin shigarsu daga Google yake fitowa, ladan sanya injin bincikensa a gaba. Na san da haka, na auna, na zaɓa.

Firefox tana toshe masu bin sawun mutum a intanet tun daga farko, ba sai ka taɓa komai ba. Na ƙara mata uBlock Origin, wata 'yar manhaja mai toshe talla, tagogin nan masu faɗowa suka ɗauke ɗif. Sai dai kada kowa ya ruɗu da alamar kwaɗo kusa da adireshi: tana nufin an kare hanyar da bayani ke bi daga masu leƙe ne kawai, shafin ɗan damfara ma yana iya samun ta. Shi ya sa na nemo tashar NTA ta asali a YouTube da kaina, na maƙala ta a fuskar wayar, ya daina lalube.

Data kam tana tafiya, bidiyo ne. Na rage ingancin hoton zuwa 360p don ya rage cin data, fuska tana fita, murya tangaram.

Yanzu bayan sallar isha'i yakan shimfiɗa tabarma a zaure, ya jingina wayar da filas ɗin shayi. Jiya maƙwabta biyu na tarar a gefensa, yana ɗaga musu hannu su yi shiru za a fara kanun labarai.