Premiere da After Effects ko DaVinci Resolve: wanne ya dace da fim ɗin ɗalibai?

Wata ƙanwarmu a wannan zaure, ɗalibar ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida, ta kawo tambaya. Rukuninsu ya ɗauki gajeren fim na minti 12 da Hausa, wani ɓangare da kyamarar sashe, wani da wayoyi biyu. Ita aka ɗora wa tace hoto da tsara rubutun buɗe fim da sunayen ƙarshe. Laftof ɗinta ram giga 8 gare ta, kuma saura mako 3 a miƙa aiki. Wasu sun ce ta ɗauki Premiere Pro don yanka da After Effects don motsa rubutu, wasu sun ce DaVinci Resolve, wani kuma ya ce ta hutar da kanta ta haɗa komai a CapCut.

Ƙanwata, ga ra'ayina tun daga farko. Idan sashenku yana da Premiere mai lasisi a ɗakin tace hoto kuma za a bar ki ki zauna a kai, yi aikinki a can. Idan kuwa a laftof ɗinki za ki yi, ɗauki Resolve na kyauta, ki rage masa nauyi ta hanyar da zan faɗa. After Effects kuma ki ajiye shi gefe a wannan karon, ko da wanne kika zaɓa. Ga dalilaina.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Tun 2013 kamfanin Adobe, mai Premiere Pro da After Effects, ya daina sayar da sababbinsu sayen dindindin, sai biyan wata-wata ko shekara-shekara. Akwai rangwamen ɗalibai, amma duk da haka kuɗin waje ne, kuma ranar da kika daina biya manhajar ta rufe. Resolve na kamfanin Blackmagic Design ne na ƙasar Ostareliya, kuma kashi biyu ne: na kyauta, da Studio da ake saya sau ɗaya a kan dala 295. Na kyautar ba na gwaji ba ne, ba ya ƙarewa bayan wata guda, kuma yana fitar da fim har girman 3840 da 2160, wanda ya wuce abin da ake nema a wajenku. Na san a bakin ƙofar makaranta akwai mai saka miki Premiere da aka fasa a kan kuɗi kaɗan. Ba na ba ki shawarar hakan. Ban da kasancewarsa haƙƙin wasu, irin wannan kwafin ba ya karɓar gyaran kamfani, sau da yawa yana zuwa da ƙwayar cuta, kuma aikin mutum goma ne za ki ɗora a kansa.

A wajen nauyi a kan kwamfuta ne Premiere ya fi sauƙin hali. Adobe sun ce ram giga 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 kuma shi suka fi so. Resolve yana neman 16, ya kuma dogara sosai ga katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, don haka laftof da ba ta da katin hoto na daban za ta yi nishi. After Effects ma 16 yake nema, sashen Fusion na cikin Resolve kuwa har 32 ake ambata masa. Wato manyan kayan motsa rubutu guda biyun duk sun fi ƙarfin na'urarki.

Abin da zai cece ki a kowanne shi ne furoksi: manhajar ta yi wa kowane bidiyo ƙaramin kwafi mara nauyi, ki yi yanka da shi, ranar fitar da fim kuma ta koma kan na asali. Premiere da Resolve duk suna da wannan. Ki saka shi ya yi da dare laftof na jone da wuta, da safe ki tarar ya gama. Idan Resolve ya ƙi buɗewa gaba ɗaya a na'urarki, kada ki ɓata kwana biyu kina fama da shi. Kdenlive da Shotcut kyauta ne, ba su da nauyi, suna da furoksi, kuma sun isa su yanka fim na minti 12.

Kafin ki shigar da ko bidiyo ɗaya, akwai matsalar da wayoyin nan biyu za su kawo miki. Waya ba ta riƙe adadin firam, wato hotunan da take ɗauka a kowace daƙiƙa, daidai: yanzu tana kan 30 a daƙiƙa, haske ya ragu ta sauka ƙasa. A cikin manhajar tace hoto, wannan shi ke sa a farkon fitowa baki da murya su tafi tare, zuwa minti na uku jarumar ta rufe baki maganarta na ci gaba. Premiere ya ɗan fi haƙuri da irin wannan bidiyon, amma ba a dogara da shi. Maganin ɗaya ne ga duka: ki bi da bidiyon wayar ta HandBrake, wanda shi ma kyauta ne, ki zaɓi adadin firam tsayayye. Wane adadi? Duba abin da kyamarar sashe ta ɗauka. A Najeriya da Nijar tsarin talabijin 25 ne, saboda wutarmu hatz 50 ce, kuma akwai yiwuwar a kan haka aka saita ta. Bi wanda ya fi yawa a cikin abin da kuka ɗauka. Wannan ya fi muhimmanci a Resolve, domin da zarar kin shigo da bidiyo, adadin firam na aikin gaba ɗaya yana kullewa.

A yanka kansa, ban ga wani bambancin da zai sa ki sauya ra'ayi ba. Duka biyun za su ba ki damar shigo da muryar fitowa ta gaba kafin hotonta, ko ki bar muryar mai magana ta ci gaba alhali muna kallon fuskar mai sauraro, kuma wannan dabarar ce ta fi raba hira mai rai da hira mai kama da karatun labarai. Idan hannunki ya saba da Premiere, Resolve yana da zaɓin mayar da maɓallansa irin na Premiere. A gyaran kala da sauti kuwa Resolve ne a gaba. Asalinsa ma manhajar gyaran kala ce, kafin a ƙara masa Fairlight na sauti a 2017 da Fusion a 2018. Ke da za ki daidaita hoton kyamara da na wayoyi biyu su zama kamar rana ɗaya aka ɗauka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu rubutu, inda nake son mu ɗan jima.

A Premiere, kina rubutu kai tsaye a kan hoton, ki gyara girma da kala a gefe, kuma akwai tarin samfurori da aka riga aka tsara. A Resolve akwai Text na talaka mara nauyi, akwai Text+ wanda a kan Fusion yake tafiya, yana ba ki iko a kan tazarar haruffa, inuwa da motsi, amma yana jan ƙafa a ƙaramar na'ura. Premiere ya fi saurin koyo. Text+ ya fi zurfi ba tare da kin fita zuwa wata manhaja ba. After Effects ya fi su duka, sai dai koyonsa kaɗai zai cinye makonnin nan uku, kuma malamanku labari za su duba, ba harafi mai tashi da hayaƙi ba. Farin rubutu a kan baƙi, ko a kan hoton farko inda babu hayaniya, ya bayyana a hankali ya ɓace a hankali, ya wadatar da yawancin finafinan ɗalibai. Ki bar shi a fuska har ki iya karanta shi da murya sau biyu ba gaggawa.

Abin da ya fi kayar da masu fim ɗin Hausa ba manhaja ba ce, font ne, wato salon zanen haruffa. Yawancin kyawawan font da ake saukowa da su ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Sai ki rubuta "Ɗaukar Hoto" ki ga ɗan akwati a gurbin harafin farko, ko ki ga Ɗ ɗin siriri daga wani font yana tsaye kusa da haruffa masu kauri, kamar an ɗinka wa shadda aljihun atamfa. A ƙaramar fuskar laftof ba lallai ki lura ba, a majigin ɗakin taro kowa zai gani. Kuma kada ki gwada harafi ɗaya ki ce ya yi. A Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni, ƙ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna wani, shi ya sa font zai iya samun wasu ya rasa wasu. Rubuta "Ɓ Ɗ Ƙ ɓ ɗ ƙ" a jere, ki duba su a siriri da mai kauri. Idan a cikin rukuninku akwai mai rubutu da ƙa'idar Nijar, ƙara ƴ da Ƴ. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su duka, haka Andika, Charis da Gentium na SIL, kuma lasisinsu ya yarda a yi amfani da su a fim kyauta. Don Allah kada ki warware matsalar da cire lanƙwasa ki rubuta "Daukar Hoto". Fim ɗin Hausa ne, masu kallo Hausawa ne, sun cancanci su ga harshensu a rubuce daidai.

Ga dabarar da ta raba ki da wannan gardamar gaba ɗaya: tsara kowane allon rubutu a waje, a Inkscape ko GIMP ko Photoshop, a girman 1920 da 1080, ki fitar da shi PNG mara bango, wato hoton da ake hango abin da ke bayansa. Daga nan hoto ne kawai. Zai shiga Premiere, zai shiga Resolve, zai shiga Kdenlive, ba zai nemi font a kwamfutar kowa ba, kuma ba ya da nauyi. Ki bar tazara a gefe, kada rubutu ya wuce kashi 90 cikin ɗari na fuska, wato digon hoto (pixel) 96 dama da hagu, 54 sama da ƙasa, saboda wasu talabijin da majigi suna cin gefen hoto.

Sunayen ƙarshe masu hawa sama suna da kyau a sinima, amma suna rawa idan saurin bai dace da firam ba. Idan dole sai kin yi, saita shi ya motsa da cikakken adadi, misali digo 3 a kowane firam: a kan 25, layi zai ɗauki kusan daƙiƙa 14 kafin ya ƙetare fuska, ana karantawa a natse. Ni dai a fim na minti 12 na fi son alluna tsayayyu huɗu ko biyar: 'yan wasa, sannan labari, bada umarni, shiryawa, ɗaukar hoto, sauti, kwalliya, ci gaban shiri, tace hoto, sai godiya. Kada sunaye su ci minti biyu a fim ɗin da bai kai kwata ba. Ki tura jerin sunayen wa kowa ya duba nasa da idonsa, domin wani Muhammad yake rubutawa, wani Mohammed, wata Rukayya, wata Ruqayya, kuma wanda ya yi kwana uku yana riƙe sandar makirfo a rana ba zai ji daɗin ganin an sauya masa suna ba.

Duk wannan aikin rubutun ya zo ne bayan an kulle yanka, wato rukuni ya kalla ya amince ba za a ƙara taɓa tsawon fim ba. Kafin nan, saka rubutun wucin gadi kawai. Idan an ce ku sa fassarar Turanci a ƙasa, ita ma sai bayan kullewa: layi biyu iyaka, kowanne kada ya wuce haruffa 42, kuma a ajiye fayil ɗin fassarar, wato SRT, a tsarin UTF-8 don kada haruffanmu su lalace.

Saura aikin rukuni da ɗaukewar wuta. Premiere yana ajiye aiki a fayil guda da za ki iya kwafa a filashi. Resolve a cikin rumbunsa yake ajiyewa, sai kin fitar da fayil ɗin aikin, wato DRP, da kanki, kuma masu farawa da yawa ba su san haka ba sai sun je wata kwamfutar sun rasa aikinsu. Ki riƙa fitar da shi kullum da dare. A duka biyun, aikin da aka buɗe a sabuwar fitowar manhajar ba ya komawa tsohuwa, don haka ku daidaita lambar manhajarku kafin ku fara musayar fayil. Kunna Live Save, mai ajiye aiki da kansa, a Resolve, ko ki mayar da ajiyar kai-da-kai ta Premiere duk minti biyar. Bidiyon asali kuma ya zauna a wuri biyu, laftof da ma'ajin waje.

CapCut ban raina shi ba. Don tallan fim na daƙiƙa 30 da za ku sa a WhatsApp ko TikTok, babu mai saurinsa. Amma ga fim ɗin da za a ba maki, ikonsa a kan sauti da kala bai kai na waɗancan ba, wasu kayansa sai an biya, kuma samfuran rubutunsa kowa ya gan su sau ɗari, malaminku ma zai gane su daga nesa.

Idan kin gama, fitar da fim ɗin a tsarin H.264 a girman 1080, sauti AAC a kilohatz 48. Ki nemi izinin shiga ɗakin da za a nuna fim ɗin kwana ɗaya kafin ranar, ki kunna shi a majiginsu da lasifikarsu, ki koma kujerar ƙarshe ki ga ko ƙaramin rubutun yana karantuwa daga can. Idan bai karantu ba, allon PNG ɗaya kawai za ki sake, ki fitar da fim a daren.