DFT ko MD, wanne ya dace da aiki kan PCBM?

Ƙanwata, kin ce malaminki ya ba ki aikin digiri na biyu kan PCBM, wato sinadarin kabon ɗin nan da ake sa wa a sola irin ta roba, kuma kin rasa wanne za ki kama tsakanin DFT (density functional theory) da MD (molecular dynamics), hanyoyi biyu na lissafin sinadarai a kwamfuta, tunda laftof ce kaɗai a hannunki. To su biyun ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

PCBM ai ƙwallon C60 ne, atam 60 na kabon da suka haɗu kamar ɗinkin tamaula, wanda Kroto da Curl da Smalley suka gano a 1985, sai a 1995 aka liƙa masa wutsiya don ya riƙa narkewa a iya shafa shi kamar fenti. Duka-duka atam 88 ne, aikinsa karɓar ilaktaron daga polima, wato sinadari mai dogon sarƙa kamar roba, irin P3HT idan haske ya sauka.

DFT ilaktaron ɗin take bi. Ita za ta ba ki HOMO da LUMO, wato matakin makamashi mafi sama da ilaktaron ke ciki da mafi ƙasa da babu ilaktaron a ciki, da irin hasken da abin ke sha, daga nan ma kina iya kintatar ƙarfin wutar da solar za ta bayar, ki ɗauki tazarar HOMO na polima da LUMO na PCBM ki cire kamar volt 0.3. Atam 88 laftof za ta iya in an yi haƙuri, manhajar ORCA ta yin wannan lissafi kuma kyauta ce ga ɗalibai, manhajar Gaussian ce sai an biya. Amma nauyin lissafin DFT na hawa da sauri, kika ninka girman abu sau 2 lissafi ya ninka kamar sau 8 ko fiye. Abin da ke damuna sosai shi ne yadda ɗalibai ke kama B3LYP, ɗaya daga dabarun lissafin da ake zaɓa a DFT, don kawai kowa da ita yake aiki, alhali in ana maganar ilaktaron ya tsallaka daga mai bayarwa zuwa mai karɓa tana ba da makamashi ƙasa da yadda yake, sai a rubuta sakamako mai kyau a ido amma ba daidai ba. A wannan wurin ki gwada CAM-B3LYP ko ωB97X-D ki kwatanta.

MD kuwa ba ruwanta da ilaktaron sam. Atam take ɗauka kamar ƙwallaye da aka ɗaure da sifirin (spring), ta motsa su da dokokin Newton, kowane taku femtosakan 1 ko 2 (femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan), shi ya sa take iya ɗaukar atam dubu ɗari ba gardama. Amfaninta ganin yadda PCBM da polima ke cakuɗuwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin makamashin da haske ya tayar ba ya wuce tafiyar kamar nanomita 10 kafin ya mutu, in cakuɗin ya yi gudaji manya an yi asara. Manhajojin MD irin GROMACS da LAMMPS duk kyauta ne, sai dai tsara ma'aunan ƙarfin da ke tsakanin atam zai ci miki watanni, kuma ba za ki samu HOMO ko LUMO daga gare ta ba.

Ni dai da laftof da ɗan lokacin da kike da shi, DFT nake ba ki shawara. Ki ɗora PCBM gefe da Y6, wani sinadari mai karɓar ilaktaron kamarsa, wanda ya fito a 2019 daga ƙasar Sin ya kai kashi 15.7 cikin ɗari wajen mayar da haske wuta, inda P3HT da PCBM suka tsaya wajen kashi 5. Y6 atam 187 ne, don haka ki datse dogayen wutsiyoyinsa ki bar metil kawai, wato guntun wutsiya mai kabon ɗaya, ba sa canja HOMO da LUMO sosai. Kuma saboda ɗauke wuta, ki riƙa adana fayil ɗin xyz na ƙarshe da ORCA ke rubutawa, mai ɗauke da matsayin kowane atam, daga shi za ki ci gaba in injin ya mutu.