Shekara biyu da hitar banɗaki mai lita 30, da daren da ta kusa ƙona mana Inna

Da a makon da abin ya faru na rubuta wannan sharhi, da cewa zan yi kowa ya nisanci hitar nan ko kyauta aka ba shi. Sai na bari zuciyata ta huce tukuna. Yau wata biyu ke nan, ra'ayina ya ɗan sauya, ko da yake har yanzu in na tuna daren sai gabana ya faɗi.

Hitar ita ce farar nan da ake ratayawa a bangon banɗaki, mai lita 30, mai cin wat 1500. Kun san ta, kun san inda ake sayar da ita, kun kuma san yadda kuɗinta ya koma yanzu. Saboda Inna na saya. Wanda bai taɓa kwana a Sakkwato a watan Janairu ba yana ɗauka zafi kaɗai muka sani. Ya zo ya taɓa ruwan da ya kwana a tankin sama da asubar hunturu. Inna ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, kuma ba ta yarda a tashi yaro ƙarfe huɗu don ya ɗora mata ruwan alwala. Hitar tsomawa a bokiti kuwa na daɗe da hana ta a gidana saboda yara.

Shekarar farko ba ni da ƙorafi. A kunna, cikin awa ɗaya ruwa ya yi zafi, kuma yana riƙe ɗuminsa har safiya.

Abu ɗaya ne ya dame mu. Akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashinta, a jikin bututun da ruwan sanyi ke shiga, mai ɗan baki kamar na buta. Duk lokacin da take dafa ruwa sai ya riƙa ɗiga, ɗis, ɗis. Ya yi wa tayil zane, ƙasan wurin kullum a jiƙe, uwargida kuma tana tsoron kada santsi ya kwashi Inna. Na kira mai gyaran famfon da ya ɗaura mana ita tun farko. Bai yi minti goma ba. Ya murɗa ƙusa a bakin bawul ɗin, ya shafe da gam, ya ce, "Alhaji, an gama, ba za ka sake ganin ɗigo ba." Gaskiya ya faɗa, ba mu sake gani ba. Har godiya na yi masa.

Da aka shiga hunturu na biyu sai ta fara wani hali. Tana dafa ruwa tana ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana soya gyaɗa da yashi. Ruwan da ke yin zafi a awa ɗaya ya koma sai ya kusa awa biyu. Daga baya ta fara mutuwa da kanta: makunnin bango yana nuna jar wuta, amma ruwa sanyi ƙalau. Na sake kiran mutumin nan. Ya buɗe murfin ƙasa, ya danna wani ɗan maɓalli, ta tashi. Bayan kwana uku ta sake mutuwa. Da ya dawo sai ya ce tamostat ɗin, wato abin da ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi, shi ne ya lalace, kuma na kasuwa duk jabu ne, gara ya haɗa mana wutar kai tsaye. "Ku dai in kun kunna, bayan minti arba'in ku kashe." Na yarda. Wannan yardar ita ce abin da har gobe nake nadama a kai, domin ko ban san aikin wuta ba, ya kamata in tambayi kaina me zai faru ranar da aka manta.

Ba ma mantuwa ba ce ta jawo. Ran nan bayan isha'i an kunna ta, ba a yi minti goma ba aka ɗauke wuta. Kowa ya kwanta, makunni yana kunne, kuma da yake babu wuta jar fitilarsa ba ta nuna komai. Wajen ƙarfe biyu na dare aka dawo da wuta.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ƙarar ta tashe ni. Ba ƙas-ƙas ɗin da muka saba ba ce, wani irin gurnani ne, bango har rawa yake. Ina fitowa na hangi Inna a tsakar falo da sandarta, ta nufi banɗakin za ta yi alwalar nafila. Na ce, "Inna, tsaya! Kada ki shiga!" Ban rufe baki ba muka ji fuuu, tiyon ruwan zafi ya tsinke daga gindinsa. Tururi ya cika banɗakin ya fito ta ƙarƙashin ƙofa, ruwa yana feshi a daidai inda take ajiye kujerarta 'yar tsugunno. Taku biyar ne tsakaninta da ƙofar. Na ruga na sauke babban makunnin gida gaba ɗaya, hannuna yana karkarwa. Inna ba ta ce komai ba sai innalillahi, ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado. Da gari ya waye na ga labulen roba na banɗakin ya yamutse, kwandon sabulun da ke ƙarƙashin hitar ya lanƙwashe.

Ranar na rantse sai na cire ta na jefar. Na zagi kamfanin, na zagi mai shagon. Wani abokin aikina ne ya ce in dakata, ya turo mini wani dattijo mai aikin wuta da ya daɗe yana gyara irinsu a otal-otal.

Malamin nan bai taɓa komai ba sai da ya sauke bireka, ya kuma gwada da testa ya tabbatar babu wuta. Da ya ga ƙusar da ke bakin bawul sai ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan?" Na faɗa masa yadda aka yi. Ya ce, "Ai tukunya aka liƙe wa baki aka hura mata wuta. Ka gode wa Allah tiyo ne ya fashe, ba tankin ba."

Shi ya fahimtar da ni abin da ya kamata a gaya mini ranar da na saya. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake. Lita 30 in ta tashi daga sanyi zuwa digiri 60 tana ƙaruwa da kusan rabin lita, kuma bawul ɗin nan ba ya barin ruwa ya koma baya ta inda ya shigo, saboda haka rarar dole ta fita ta ɗan bakin nan. Ashe ɗigon da muka tsana aikinsa yake yi. Maganinsa ɗan siririn tiyo ne da za a saƙala a bakin a kai shi magudana, shi ke nan. Tamostat kuma abu biyu ne a haɗe: ɗaya yana yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka saita, ɗayan, mai ɗan maɓallin nan, yana yankewa gaba ɗaya in zafi ya wuce ƙima. Da yake ta mutuwa, gargaɗi yake mana. Mutumin farko ya cire masu gadi biyu, ya toshe ƙofar fita, ya tafi da kuɗina.

Sai ya rufe ruwan shiga, ya buɗe famfon zafi, ya zuƙe tankin, ya kwance notocin ƙasa ya zaro elimen ɗin, wato ƙarfen da ke dafa ruwan. Wallahi ban gane shi ba. Ya yi fari fat, ya yi kauri kamar an tsoma shi a kunun kanwa an shanya. Malam ya zura hannu cikin tankin ya riƙa kwaso wani farin ɓarɓashi mai kama da fasasshen ɓawon ƙwai, har ya cika kwanon sha ya yi tozo. Ya ce in je in leƙa gindin butar shayinmu, abu ɗaya ne. Ruwan burtsatsenmu yana da nauyi, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ake haƙo dutsen siminti a Kalambaina. Wannan ɓawon shi ke rufe elimen, zafi ya kasa fita sosai, ruwan da ya maƙale a ƙarƙashinsa ya riƙa tafasa yana fashewa. Ƙarar soya gyaɗar ke nan, jinkirin ke nan, kuma shi ya sa tamostat ke yankewa.

A gefen elimen ɗin akwai wata 'yar waya tsirara kamar tsinken tsintsiya. Na ɗauka datti ce. Ya ce a'a, ragowar sandar magnesiyam ce, wadda suke kira anod. Da kaurin yatsa take zuwa. An sa ta ne don ruwa ya ci ta a maimakon ya ci ƙarfen tankin, in ta ƙare kuwa sai tsatsa ta koma kan tankin. Tamu ta daɗe da ƙarewa.

Inda mutumin nan ya saye ni shi ne kan elimen. Na riga na sa rai zai ce a sayo sabo, don kowa haka yake yi. Sai ya ɗauko mitarsa ya ɗora a kan bakunan biyu, ya nuna mini: 35. Ya ce na wat 1500 a wutarmu ta 230 haka ya kamata ya nuna. Ya sake gwadawa tsakanin baki da jikin ƙarfen, babu yoyon wuta. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, wanka kawai yake so. A jiƙa shi a ruwan khal ya kwana, kada a kankare da wuƙa." Da safe ɓawon ya saki, jan ƙarfen ya fito. Da ya so ya ci kuɗina a nan, da ban taɓa sani ba.

Kafin ya tafi ya gano wani abin da ya fi komai tayar mini da hankali bayan daren nan. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ba a taɓa haɗa ta ba. An naɗe bakinta da tef an cusa a bayan murfi tun ranar da aka ɗaura hitar. Shekara biyu iyalina suna wanka da ƙafa a cikin ruwa a ƙarƙashin tankin ƙarfe mai wuta. Ya haɗa ta, ya duba sandar da aka kafa a ƙasa a bayan gida, ya kuma sa mana birekar nan mai yanke wuta da zarar ta ji yoyo, ta miliamf 30, mai ɗan maɓallin gwaji a jiki.

To, a nan na fara cewa hitar ba ta da laifi, an zalunce ta ne. Har na gaya wa mutane haka. Amma da na zo neman kayan gyara sai haushina ya dawo sabo.

Tamostat da bawul da robar murfi da tiyo duk an samu a gari. Sandar anod kuwa shago shida na shiga, har da wanda na sayi hitar a wurinsa. Yaron shagon bai ma taɓa jin sunanta ba. Maigidansa ya ce ai ba a canza ta. Na dawo gida na tono takardar da ta zo a kwali, ga shi a rubuce da ƙananan haruffa cewa a riƙa duba ta a kai a kai, in ba haka ba babu garanti. Ka sayar wa mutum kaya, ka san akwai abin da ke ƙarewa a ciki, ba ka gaya masa ba, ba ka kuma ajiye shi a shagonka ba. Sai daga Sabon Garin Kano aka aiko mana da ita, kwana tara muna jira, a tsakiyar sanyi, an koma ɗora wa Inna tukunya a kan gas, tana ta ba yara haƙuri kamar ita ta yi laifi.

Su ma masu ƙera ta ban yafe musu duka ba. Babu famfon zuƙe ruwa a jikinta, sai an kwance tiyo ruwa ya bi maka hannu har hammata. Abin murɗa zafi ba shi da lamba ko ɗaya, sai zanen ƙarami da babba. Malam ya ce a bar ta wajen digiri 60: in an yi ƙasa sosai ruwa mai ɗumi-ɗumi yana raya ƙwayar cutar da ke kama huhu, in an ƙure ta kuma ɓawo ya fi saurin taruwa. To ta yaya zan san 60 a abin da ba lamba? Sai da ya tara ruwa a kofi ya auna, sannan ya yi mini alama da jan fenti. Ko a hakan ya ja kunnenmu cewa 60 tana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, a fara zuba na sanyi a bokiti kafin na zafi, musamman ga Inna da yara.

Shi kansa malamin ba zan ce ba shi da aibi ba. In ya ce ƙarfe goma, ka sa ran la'asar. Kuma bayan ya haɗa komai, washegari na ga murfin ƙasa yana tsattsafo, sai da na kira shi sau uku kafin ya zo ya ƙara ɗaure notocin. Amma na lura ko a ranar bai bari an kunna ba sai da ya buɗe famfon zafi ya ga ruwa yana zuba sosai babu iska, don elimen in ya ci wuta a tankin da ba ruwa, nan take yake ƙonewa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da tankin sama kan ƙare ba a sani ba in ba a tayar da sumo, injin jawo ruwan burtsatse, ba. Aikinsa zan ba shi huɗu cikin biyar, kuma zan sake kiransa.

Hitar kuwa uku. Ta koma dafa ruwa cikin awa ɗaya, shiru, ba ƙara. Kowace dahuwa tana cin kusan yunit ɗaya da rabi, kuma mu da ba 'yan Band A (rukunin da aka fi ba wuta, kuma suka fi biya) ba ma muna ji a mita, balle su da a Afrilun 2024 aka kai musu yunit sama da naira 200. Bawul ɗin yana ɗigarsa ta siririn tiyo zuwa magudana, kuma farkon kowane wata nakan ɗaga ɗan hannunsa in ga ruwa ya fito, in danna maɓallin gwajin bireka in ji ta faɗi. Na sa an aiko mini da anod biyu, ɗaya tana cikin durowa, mun kuma yi da malam zai zo ya buɗe tankin a watan Nuwamba kafin sanyi ya sauka.

Inna har yau ba ta shiga banɗakin nan in jar fitilar tana kunne. Sai ta aiko a kashe, ta tsaya a bakin ƙofa ta ga an kashe da idonta, sannan ta shiga.